Mu Ba Ƙaura Muka Yi Ba

Goggo Zulfa ƙanwar babana ce, kuma duk dangi ba wanda ya kama ƙafarta a taurin kai. Sa'anninta sun zauna suna rainon jikoki, ita har yau alli ne a hannunta. Turanci take koyarwa a firamaren ƙauyenmu, Kukar Gide, can bayan Daudawa a ƙasar Faskari. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu. Karatun malanta ne kaɗai ya taɓa fitar da ita, ta je Katsina ta dawo da takardarta da wata ɗabi'a mai ban haushi.

Ɗabi'ar ita ce tsintar jimla. Ba ta yarda da misalan littafi ba, wai wanda ya rubuta su bai taɓa jan guga ba. Duk inda ta ga Turanci sai ta tsaya: bayan tirela, kwalin magani, allon shago. In ka raka ta kasuwa ka shiga uku, a rana za ta shanya ka tana karanta buhun taki, washegari kuma shi za ta kai wa 'yan aji. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne kalmomin da ke nuna motsi ko canji, don a cewarta a cikinsu Turanci ke ɓoye mai laifi. Takan rubuta the cup broke a allo, ta juyo ta ce, kofi dai ya fashe, to shi ya ga dama ya diro? Mu ma a gida ba mu tsira ba. Ka ce mata tulu ya fashe, sai ta zuba maka ido har ka faɗi wanda ya fasa.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu muka kwashe muka koma cikin Faskari. Labarin ranar ba na son ba da shi. Aka ara wa yaranmu aji a wata makarantar gari, suna shiga da yamma bayan masu wuri sun tashi. Goggo ta ci gaba da koyarwa, kullum ta rubuta Kukar Gide a saman allo kafin kwanan wata, kullum da safe a goge.

Ana nan sai wani jami'in ilimi ya zo ya tara iyaye. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya karanto rahotonsa da Turanci, abokin tafiyarsa yana fassarawa. Da ya kai inda aka ce the community has relocated, sai mai fassara ya ce mutanen gari sun tashi. Mai unguwarmu, Baba Almu, ya gyaɗa kai, sauran dattawa suka gyaɗa. Ai kuwa mun tashi, wa zai yi musu? Daga nan jami'in ya ce tunda haka ne za a haɗe yaran da makarantar gari, a soke ta Kukar Gide. Duk mun san ƙauyen da aka soke makarantarsa, mai ƙananan yara ba ya koma masa.

Goggo ta miƙe daga bencin mata.

"Ranka ya daɗe, a maimaita mani kalmar nan."

Ya maimaita.

"Ni na san ta," in ji ta. "Na gan ta a ƙofar wani tela a Funtuwa, ya rubuta we have relocated, ya koma kusa da tasha. Shi ya zaɓi ranar, shi ya naɗe kekensa, har ya bar kwatance. Na ji ta a rediyo kan wani banki da ya canza layi. Baba, kai ka zaɓi ranar da ka hito? Ka bar kwatance?"

Baba Almu ya sunkuyar da kai. Shi da takalmi ɗaya ya iso Faskari, kowa ya sani.

"Malama," jami'in ya ce yana murmushi, "wannan ai nahawu ne kawai."

"Nahawun aka ɗauke ni in koyar. Wanda ya yi relocate ya gama da tsohon wuri. Mu ba ƙaura muka yi ba, koro mu aka yi. Were driven out. A rubuta haka, ko ba a hwaɗi mai korar ba a san akwai shi."

Bai rubuta ba. Ya ce shi ba da kalma yake aiki ba, da abin da ido ya gani yake aiki. In ya je Kukar Gide kafin ƙarshen zango ya tarar da malami da yara a aji, zai canza. Ya faɗi haka ne don ya san ba mai zuwa.

A gida aka yi ta, da Goggo ta ce ita za ta je. Babana ya ce, "Zulfa, kina da hankali kuwa? A kan kalma guda za ki kai kanki?"

"Yaya, da kalma guda ake kashe aure," ta ce, tana ɗaure alli a leda.

Ni haushinta na ji ƙwarai, na faɗa mata ma. Na ce Goggo, ke ba ki da ƙaramin ɗa, mi ya yi maki zahi? Ko kallona ba ta yi ba. Lokacin damina ce, mazanmu kan hau babura da safe su je gona su juyo kafin la'asar. Ta ce su za ta bi. Da na ga da gaske take sai na bi ta, tsoro fal cikina, ina ta mita a bayan babur har muka isa.

Awakin wasu sun mai da ajin turke. Muka share, muka tokare ƙofa da dutse. Ranar farko ba yaro ko ɗaya, bango ta koyar. Daga baya masu zuwa gona suka fara ɗauko 'ya'yansu, tunda dai barinsu a gari ma yawo suke yi, a ajiye mata su a wuce. Wata rana a ji jita-jita kowa ya ƙi fita, washegari ta sake ɗaure allinta.

Jami'in ya cika alkawari, ya zo da 'yan rakiya, fuskarsa ba walwala. Ya leƙa ya ga yara a ƙasa suna bin Goggo da baki. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ciro biro ya soke kalmar, ya ce, "Shi ke nan, Malama, kin ci. Sai in sa the community has returned, sun dawo."

Na ji sanyi a raina. Ita kuwa ta girgiza kai.

"A'a, ranka ya daɗe. Dubi can." Ta nuna masa gidanmu ta taga, ba rufi, ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida. "Wanda ya dawo a gidansa yake kwana. Mu a Faskari muke kwana. Rubuta are returning. Muna kan dawowa, ba mu gama ba."

Ya rubuta yadda ta ce. Goggo ta leƙa ta duba inuwa, ta ce yara su tattara allunansu, a kama hanya tun da sauran rana.