Katin Abincin 'Yata

A shekara ta huɗu da zuwana Riyad na samu iƙama, wato takardar izinin zama da iyali, na ɗauko matata da 'yarmu, muka kama ɗaki biyu a Al-Jaradiya. Ni direba ne a wani kamfanin gine-gine, in kai ma'aikata wurin aiki in dawo da su. Yarinyar muka sa ta a wata ƙaramar makarantar 'ya'yan baƙi da ke bayan layinmu.

Wata rana ta dawo da takarda a jaka. Makarantar tana ba yaran marasa ƙarfi abincin rana kyauta, amma sai uba ya kawo shaidar albashinsa daga kafili, wato uban gidansa na aiki. Na karanta, na ninke, na cusa ƙarƙashin katifa. A Zariya kowa ya ɗauka na yi arziki, ƙannena har nuna hotona suke yi ina tsaye gaban dogayen benaye. Yanzu kuma in sa hannu cewa ni talaka ne?

Kwana uku takardar tana nan. Ran na huɗu matata tana zuba mini shayi ta ce, "Maigida, takardar nan fa ba Zariya za a kai ta ba."

Da yake makarantar mata ce, a bakin ƙofa na tsaya muka yi magana da shugabar ta waya. Ta ce ba su da wata hanyar gane yarinyar da gidansu ke cikin matsi sai wannan jerin sunayen. Da shi suke duba wadda za a ba littattafai da wadda za a sauƙaƙa wa motar makaranta. Ta ce ta san akwai gidajen da suka fi nawa buƙata, kunya ta hana su cikewa, kuma su ne suka fi damunta. Washegari na kai shaidar.

Aka ba yarinyar koren kati. Kullum ta dawo sai labarin shinkafar kabsa da nonon laban da dabino, da ƙawayen teburinsu: 'yar Sudan, 'yar Yaman, da wasu tagwaye 'yan Bangaladash. A teburin nan Larabcinta ya wuce nawa.

Bayan shekara biyu aka ɗaga ni shugaban direbobi, albashina ya haura iyakar da suka sa, aka cire sunanta. Na sayo gasasshiyar kaza don murna. Ita kuwa ta ƙi taɓawa, tana hawaye.

"Abba, to da wa zan riƙa cin abinci?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Matata ta kira shugabar, aka yarda ta ci gaba da zama da ƙawayenta da kular abincinta daga gida. Shinkafa da wake da mai da yaji uwarta ke zuba mata, cikin sati biyu sai da muka sauya kula babba, don ƙawayen duk sun koma sa hannu a ciki.

Daga baya uwar 'yar Yaman ɗin ta nemi lambar matata, wai a koya mata daka yaji. Yanzu duk Asabar tare suke hawa jirgin metro su tafi cefane kasuwar Batha, ni kuma in samu barcin rana.