Azumin da Ake Shan Ruwa

Ranar Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu, shekarar da na cika tara, na faɗi sumammiya a bakin famfon unguwarmu ta Ambassatna, bokiti a hannuna. Watan Afrilu ne, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasar Injamena.

Mu kaɗai ne Kirista a gidan hayar da muke zaune. Sauran Hausawa ne Musulmi, jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka, ba su ƙara gaba ba. Tare muke shara da wanke-wanke, tare muke tafiya lekol, wato makaranta, mu dawo mu yi 'yar gala-gala a ƙarƙashin darbejiya. A cikin kwana arba'in na azuminmu Mama kan bar nama da abincin rana, amma tana shan ruwa. Sai ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura zaninta mai kyau, tana soya ƙosan sayarwa tana waƙar coci. Zainabu ƙawata, jikar Hajja mai gidan, ta dube ni wata rana ta ce, "Azumin da ake shan ruwa? Ai ko akuyarmu za ta iya!" Maganar ta tsaya mini a rai. Na ƙudura sai na nuna mata namu ma azumi ne, shi ya sa ran nan ban bar ko ɗigo ya taɓa bakina ba.

Na farfaɗo a cinyar Hajja, tana ɗura mini karkanji mai sanyi, zoɓo ke nan, tana faɗa da jikarta. Na ɗauka Mama za ta dake ni. Dariya ta yi har da hawaye, ta ce, "Rahila, wa ya ce ki mutu? Ai an riga an mutu dominmu." Ran Lahadin Ista ta dafa shinkafa da kifin kogin Shari, Zainabu ta fi kowa ci.

Bana Mama ta rasu, saura mako biyu a fara azuminmu. Kwanaki da yawa ban ci ba, amma na san ba azumi nake yi ba, baƙin ciki ne. Safiyar Ista na tashi na ɗora babbar tukunya, na aika 'yata ta kira maƙwabta. Da aka zuba, na zauna a cikinsu. Na ci, kuma na ji daɗinsa.