Wankakken Ƙwai

A shagon abincin kaji, wani dattijo mai gogaggiyar kwat yana zaro ƙwai daga cikin safar ulu.

"Ɗana, haska mini. Kwana ashirin da shida ina ɗumama shi, shiru. Na kazar marigayiya matata ne, kazar ma sanyi ya ɗauke ta."

Mai shago ya haska da tocila. "Baba, ƙwan nan fes yake."

"Ai da sabulu na wanke. Ita marigayiyar ba ruwanta da tsabta."

Wankakken ƙwai bai cika ƙyanƙyashewa ba, amma babu mai faɗa masa. Ina jin shekara arba'in ya yi yana gyara mata aiki.

Mai shago ya ce, "Ƙara masa kwana biyu, Baba."

Dattijon ya mayar da ƙwan aljihun ƙirji, ya ɓalla maɓalli, don da sanyi a waje.