Iya da Fensirin Farfesa

Shekara goma sha ɗaya Iya tana goge wani ɗakin binciken kimiyya, kuma tun ranar da ta kama aiki ta yi sallama da hoda. A ɗakin ake gwada wani sabon shafi da za a riƙa yi wa gilashin waya don kada ya karce. Shafin ya fi ƙarfin ido, sai an jera dubunsa kafin a kai kaurin gashi guda. Ɗigon datti ɗaya kan lalata aikin mako, shi ya sa kowa sai ya sa farar riga mai rufe kai da ƙafa kafin ya shiga.

Iya ba ta yi nisa a boko ba, amma aikinta ta san shi ciki da waje. Daga sama take farawa ta gangaro, kuma ba ta goga sau biyu da gefe ɗaya na ƙyalle. Ƙannenta kan tsokane ta wai ana biyanta kuɗin share abin da babu shi.

Sai aiki ya lalace sau uku a jere. Da yake ita ce ƙarama a muƙami a wurin, laifin a kanta ya sauka. Manaja ya ce in aka sake, za a nemi wata. Maganar ta ƙona mata rai, amma ba ta yi musu ba. Duk teburin da ta goge, sai ta kai ƙyallen ƙarƙashin fitila ta duba. Kwana biyu tana ganin baƙin ɗis-ɗis daga tebur ɗaya, na Farfesa, shugaban binciken, wanda kwanan nan ya fara shiga da kansa.

Da safe ta tare shi a ƙofa.

"Ranka ya daɗe, don Allah me ke bayan kunnenka?"

Ya shafa ta cikin hula, sai ga fensir. Tun yana ɗalibi can yake maƙala shi, ya zaro ya yi rubutu bai ma sani ba.

"Kai ka hana fensir a nan, ranka ya daɗe. Ka ce baƙinsa na zuba."

Ya daɗe yana kallon fensirin. Sannan ya tara ma'aikata, har da manaja, ya ba ta haƙuri a gabansu, ya ce daga yau ba mai shiga sai Iya ta duba shi.

Washegari Farfesan ta fara mayarwa daga ƙofa, don gemunsa ya leƙo waje. Ya juya ya tafi ya rufe shi.