Hanyar Ikko ta Ruwa

Shekaranjiya ina jiran bas a Oxford Road, iska ta taso, igiyar wata tuta ta riƙa bugun sandar ƙarfenta, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Motata ta zo ta wuce ban ko ɗaga hannu ba. Ƙarar nan ce ta mayar da ni shekarun da nake firamare, lokacin da ni da Kaka muke shirin tafiya Najeriya ta teku.

Baffan Umma ne, amma mu Kaka muka tashi muna ce masa. Mutumin wani gari ne a bakin Kwara. Yana saurayi ya gangara Ikko, ya samu aiki a manyan jiragen ruwa na kaya, ya yi ta kai da komo har ranar da ya sauka a Liverpool bai koma ba. Daga nan ya wuce Birmingham, ƙarfinsa ya ƙare a masana'anta. Ku dubi garin da ya zaɓa, garin da ko ƙamshin teku ba ya kaiwa. In mun je gaishe shi ran Asabar, sai ya kama hannuna mu bi gefen hanyoyin ruwan nan da aka haƙa a tsakiyar gari, ruwa kore shar, agwagi na iyo a kai. Ya tsaya ya nuna da sandarsa.

"Uwata, kin ga ruwan nan? Ya yi lamo kamar bai san kowa ba. Amma in kika bi shi da haƙuri, har ƙofar gidanmu zai kai ki."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

A shekarun nan ne council, wato ƙaramar hukumar garin, ta shiga rage komai. Aka rufe gidan da tsofaffin unguwarsu ke wuni, inda yake samun abincin rana da abokan hira. Matar da ke leƙa shi da safe ma aka daina turo ta. Da sanyi ya shigo ya faɗi a flat ɗinsa, sai washegari maƙwabci ya ji nishinsa. Abba bai tsaya shawara ba, ya je ya kwaso shi da akwatinsa ɗaya, ya kawo shi gidanmu a unguwar Withington, cikin Manchester.

Bai daɗe da warwarewa ba ya ce gida yake son zuwa. Yana da ƙanwa, Gwaggon Umma, wadda ya bari tana 'yar ƙarama, ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba. Suna gaisawa ta waya, amma ya ce yana son ya ga yadda tsufa ya zauna mata a fuska. GP, likitan unguwa, ya duba zuciyarsa ya ce ba za ta ɗauki jirgin sama ba. Abba, shi ma likita ne, ya durƙusa gabansa ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri, gaskiya ya faɗa muku."

Kaka bai yi musu ba. Washegari ya ce in raka shi laburaren unguwa, wanda shi ma an rage masa ranakun buɗewa, suna ta rabuwa da tsofaffin littattafai. Muka dawo da wani ƙaton littafin taswira mai warin ƙura. Ya shimfiɗa shi a teburin kicin.

"Sama suka hana ni," in ji shi. "Ba su ce komai a kan ruwa ba."

Ba jirgi mai inji yake so ba, ya ce ya sha hayaƙinsu ya ƙoshi. Ƙarami yake so, mai doguwar sanda da farin ƙyalle, wanda iska ke turawa. Kullum na dawo daga makaranta sai mu hau. Ruwan sama na bin gilashin taga, miyar kukar Umma na tafasa a bayanmu, duhu ya sauko tun kafin la'asar ta yi nisa, mu kuwa muna can tsakiyar teku. Doka ɗaya ce a jirgin: ba a Turanci. In na saki baki da Turancin Manchester, sai ya ce an jefa ni ruwa, sai na nemo kalmar da Hausa kafin a ciro ni. Yawancin Hausar da nake rubuta muku yanzu a wannan jirgin na tsince ta.

Ya ce teku ba a shigarta don an shirya, sai in ita ta shirya. Za mu tashi a tsakiyar lokacin zafi, mu ƙetare mugun ruwan da ke tsakanin Faransa da Sifen kafin guguwar ƙarshen shekara ta farka. Sai mu bi gaɓar Fotugal, iska na bayanmu. A tsibiran Kanari za mu yada zango, mu ci ayaba, mu gyara igiyoyi, mu jira iskar arewa maso gabas ta daidaita, ita za ta sauke mu Dakar. Daga nan yatsansa yakan rage gudu. Gaban Gini akwai inda iska ke mutuwa, ƙyallen jirgi ya yi laƙwas, ruwa ya kwanta kamar man gyaɗa a faranti, taurari sama, taurari ƙasa. A nan, in ji shi, ba abin da ake yi sai salla da jira. Har alƙibla ya koya mini yadda za ta riƙa juyawa, daga hagunmu ta koma gabanmu. In Allah ya fitar da mu, akwai wani kogi a cikin tekun kanta mai gudu gabas, shi zai goya mu har Ikko kafin hadarin damina ya fara.

Shekarar farko azumi ya faɗo daidai lokacin tashi, da aka yi salla ya leƙa taga ya ce mun makara. Shekara ta biyu ƙafafunsa suka kumbura. Ni dai har na haɗa jakata, da tocila da man shafawa, na tura ƙarƙashin gado. Ran nan na tare Abba a bakin ƙofa na ce, "Abba, da gaske za mu tafi?" Ya dube ni ya daɗe, ya shafa kaina, ya fita aiki.

Da furanni suka fara fitowa, wata Lahadi Abba ya ce mu shiga mota. Muka yi ta tafiya har gaɓar Wales, inda wani abokin aikinsa ke ajiye ɗan jirginsa. Jirage jere a bakin ruwa, igiyoyinsu na bugun sanduna, ko'ina ƙwal, ƙwal. Aka ɗaura wa Kaka rigar kariya a kan babbar rigarsa, aka tallafe shi ya shiga. Da muka fita fili, mai jirgin ya kashe inji ya saki ƙyallen. Ya cika da iska, fal. Shiru ya sauko, sai ruwa da ke shafar katako. Mai jirgin ya miƙa wa Kaka sandar juya jirgin.

Hannunsa da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar bai yi rawa ba. Ya ɗaga fuska ya saurari iskar a kumatunsa, ya karkata hancin jirgin kudu maso yamma. Hularsa ta faɗa ruwa, bai waiwaya ba.

"Uwata, mun tashi," ya ce.

Umma ta juya baya tana gyara mayafi. Da rana ta yi sanyi mai jirgin ya ce a juya, Kaka ya miƙa masa sandar ba gardama, ya ce shi ya gaji, wani ya karɓa.

Bai ga wani lokacin zafin ba. A nan Manchester aka binne shi, ana yayyafi.

Yanzu ba wanda ke jiran iska. Bara na sayi tikiti a waya ina kwance, na karya a nan, na yi sallar isha'i a Abuja. Laburaren nan ya zama wurin shan kofi. Sai dai saurin ya sa na isa garin Kaka kamar rabina bai iso ba tukuna. Na tarar da Gwaggo a kan tabarma, idanunta sun tafi. Ta shafa fuskata da tafin hannu, ta tambaye ni ko ya taɓa yunƙurin zuwa, ko faɗa kawai yake yi a waya.

Na ce mata ya taso. Na ce da idona na gan shi riƙe da jirgi, ya fuskanto gida, rai ne bai kai ba.

Ta ci gaba da murza carbi. Can ta ɗaga murya ta kira jikarta daga tsakar gida.

"Kawo wa baƙuwa ruwa. Ki kawo kofi biyu, sun sha hanya."