Hodar da Ta Ƙone Gayaunar Hadiza

Shekara talatin Hadiza tana suyar ƙuli-ƙuli a Matameye, ba ta taɓa awon gyaɗar kasuwa ba. Gayaunarta ta hanyar Tsauni ke ba ta, da irin da uwarta ta bar mata. Sai ga damina biyu a jere, in ta ɓare gyaɗa ta iske cikin ƙwayar rami, baƙi-baƙi. Mai ya ragu, iri ya kusa ƙarewa.

'Yarta Najaha, mai koyar da shimi, ilimin sinadarai, a lise, babbar sakandare, can Damagaram, ta zo da farar hoda cikin leda, wai asid borik. Ta ce ƙasar ce ta rasa boron, sinadarin da ke cikin hodar.

"Inna, ƙwayar da ke tsakiyar hodar nan elektoron shida gare ta, takwas ake so ta cika. Shi ya sa take cafkar na wani. Ita gyaɗa, kaɗan take so daga hodar. Cokali ɗaya a bidon, jarkar ruwa, a fesa, kada a wuce."

Hadiza ba ta san elektoron ba, amma ta san mayunwaci, ta kuma san ba a sakar masa tukunya. Najaha ta fesa kunya huɗu don a gani, ta koma aikinta.

Sai ga babban ɗanta, Haruna, wanda ci-ranin Kano ya sa yake jin ya fi kowa sani. Wai cokali ɗaya, shayi za a haɗa? Wai ƙanwarsa ce za ta koya masa noma? Da safe ya ɗauke ledar bai gaya wa kowa ba, ya watsa ta duka da hannu a sauran kunyoyin kamar takin zamani.

Kwana shida ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone.

"Kai, Haruna! Wa ya aike ka?"

"Inna, taimako na yi."

"Taimakon banza! Ita ta karanta, ni na saurara, kai ba karatu ba kunne. Ƙato da gemu, cokali ya gagare ka! Ƙafarka ta sake taka gayaunata ka gani."

Kunya huɗun nan kaɗai suka tsira. Kwano uku suka ba ta, ƙwaya cike, ba rami. Bana Hadiza ba ta ɗora kasko ba. Ta zuba irin a tulu ta liƙe baki da laka. Da Haruna ya zo neman ɗan abin taunawa, ɓawon ta tura masa.