Bi-Waya da Ramin Yayansa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Bi-Waya yana gadin abin da ido ba ya gani. Kamfanin sadarwa ne ya binne wata wayar intanet tun daga ofishinsa har babban asibiti, ta asibitin ce shi kaɗai, ba ya tarayya da kowa a kanta. Ta cikinta ake aika hoton ƙashi da na ƙwaƙwalwa ga likitocin nesa, amsa ta dawo kafin majinyaci ya gama ɓalla maɓallin rigarsa. Aikin Bi-Waya shi ne ya taka kilomita tara a bisanta kowace safiya, yana duba turakun siminti masu jan kai, yana neman mutum ɗaya tak: mai riƙe da diga.

Ya san masu tono kamar yunwar cikinsa. A cewarsa, duk wanda ka ga yana kallon ƙasa yana shafa haɓa, to rami yake ƙullawa. Matarsa kuwa takan ce ita ƙafa ta aura, shi mutumin gyara aka yi mata da shi. Ko ramin shuka za ta yi a tsakar gida, sai ya tambayi zurfinsa.

Wata Talata ya shawo kwanar layin masu walda, ya hangi ƙarti uku da diga a ƙofar wani shagon wanki da guga. Shagon na yayansa ne. Ruwan wanki ya ishi maƙwabta, Yaya ya ɗauko masu tono su yi masa ramin da zai riƙa shanyewa. Har sun zana da'ira da gawayi. Turken kamfani kuwa an tumɓuke shi an jingine a bango, an shanya safa a kansa.

"Yaya, ina kwana? Nan fa ba a tonawa."

"Lafiya lau, auta. Ƙofar shagona ce ko ta kakan kamfani?"

"Taka ce. A ƙasanta ne ake da ajiya."

"Ajiyar da ko sallama ba ta taɓa yi mini ba? Ku sara, bayin Allah."

Bi-Waya ya san sara ɗaya ya isa ya yanke asibiti wuni guda. Ya kuma san in ya kai ƙara, takarda za a kawo wa Yaya, zumunci ya yi tsami. Sai ya shiga tsakiyar da'irar, ya tuɓe takalmi, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

Babban masu tonon ya dubi Yaya. "Maigida, da shi za mu haɗa, ko a ware shi gefe?"

"Kai da na goya har ka jiƙa mini baya," in ji Yaya, "yau ni za ka hana rami?"

"Ban hana ba, Yaya. Ni zan tona maka. Amma ban da diga."

Ya buga wa injiniyan kamfani ya shaida masa inda yake da abin da zai yi, sannan ya ari ƙaramin shebur da tsohon kwano. Tun hantsi yake kankarar ƙasa, masu tono na zaune a inuwa suna ba shi shawara kyauta. Da ramin ya kai gwiwa jan ƙyallen gargaɗin da ake binnewa a saman waya ya bayyana, sai ya ajiye shebur ya koma yatsu. Tafinsa ya yi bororo, bayansa ya ƙage, bai ɗago ba. Gab da la'asar ya share ƙasa daga kan wani baƙin bututu da wayar ke ciki, kaurinsa bai kai wuyan hannu ba.

"Ga ta nan. Daga nan ku matsa taku uku wajen bango, ku tona har ku gaji."

Yaya ya tattare riga ya sauka ramin da ƙyar, ya kara kunne a jikin bututun, ya yi kasaƙe.

"Ko tari ba ta yi. Yanzu kana nufin hoton ƙashin mutane na wucewa ta nan?"

"Yana wucewa, Yaya."

Yaya ya janye ƙafarsa a hankali, kamar ya taka ɗan wani. Ya ɗaga kai ya daka wa masu tono tsawa: "Ku matsa can mana, kada ku karya wa bawan Allah ƙafa sau biyu! Kai kuma auta, tuɓo rigar nan a wanke. Kana korar mini masu kawo wanki."